Maganar da Baba Bai Rubuta Ba

Ranar Laraba ce, a cikin watan Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe. Muna zaune a zauren mai garin wani ƙauye da ke tsakanin Gwarzo da Kabo. Mu uku muka zo: ni sakataren ƙungiyarmu, da shugabar zumuntar mata ta ikilisiyarmu, wadda kowa ke kira Mama, da sabon makanikinmu, wanda bai cika wata biyu da fara aiki da mu ba. A ɗaya gefen akwai mai gari, da limamin garin, da dattawa huɗu. A waje kuma akwai mutanen da ban san yawansu ba, domin ban yarda na juya na kalli ƙofa ba.

A tsakiyar tabarma an ajiye wani ɗan allon ƙarfe, faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba. Da ƙarfi aka ɓamɓaro shi, har kusurwarsa ɗaya ta lanƙwashe. A jikinsa akwai gicciye, da aya ɗaya ta Littafi Mai Tsarki, da sunan ikilisiyar da ta aiko da shi. Ranar Litinin makanikinmu ya ɗaure shi da noti huɗu a jikin famfon tuƙa-tuƙa na garin. Famfon bai fi taku goma daga ƙofar masallaci ba, kuma a nan ake cika butocin alwala.

Ƙungiyarmu ƙarama ce, aikinta gyaran famfo. Wani dattijo mai bishara daga ƙauyenmu na kusa da Kabo ya fara ta, da keke da buhun sifanoni, sama da shekara ashirin da suka wuce. Baba muke ce masa. Kakanninmu Maguzawa ne, iyayenmu suka shiga addinin Kirista, kuma ƙauyenmu yana zaune ne a tsakiyar garuruwan Musulmi, gona da gona, kasuwa ɗaya. A hankali aikin ya girma har muka samu rumfar ajiye kaya a Gwarzo da tsohuwar a-kori-kura. Kusan duk garuruwan da muke zuwa na Musulmi ne.

Baba yana da yadda yake shiga gari. A bayan gari yake tsayar da mota, a taka da ƙafa. A fara da zauren mai gari, a tuɓe takalmi, a gaisa, a tambayi iyali da shanu da yadda aka ƙare da damina. Daga nan sai wurin liman. Idan an kawo fura, sai an sha. Sai an gama duk wannan ake zuwa wurin famfo, ko da rana ta take. Kuma kullum kafin a tayar da mota daga rumfa, yakan dafa ƙofarta ya faɗi wasu 'yan kalmomi, mu kuma mu ce, "To, Baba." Na ji su sau da yawa har kunnena ya daina ɗaukarsu.

Ba a taɓa rubuta ko ɗaya daga cikin wannan ba. Muna da takardar rajista, muna kuma da kundin dokoki da Turanci, wanda aka kwafo daga wata ƙungiya don a cika sharaɗi. A ciki an ce za mu gina asibiti da makaranta da gidan marayu. Ba wanda ya sake buɗe shi. Sau biyu na ce wa Baba mu zauna mu rubuta ainihin abin da muke yi da yadda muke yin sa. Ya ce, "Kai ɗan rediyo, komai sai an rubuta maka. Famfo yana karatu ne?" Na yi dariya na bar maganar. Gaskiya ni ma hakan ya fi mini sauƙi: muddin yana gaban mota, ba sai na san komai ba.

A watan Janairu ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ma ya tafi. Kalma ɗaya ta rage masa: "to". Kwamiti ya zauna, aka raba aikinsa tsakaninmu, kamar ana raba kayan da kowa ya san adadinsu. Aka ɗauko makaniki, magidanci daga kudancin Kaduna, mai hannu da tsoron Allah, Hausarsa kuma tsaf. Ni aka ɗora wa karɓarsa. Na ba shi makullin rumfa da na mota, da jerin sunayen garuruwa. Na nuna masa inda rodi suke, da robobin silinda, da sarƙoƙi. Ban ce masa komai a kan gaisuwa ba, ban kuma ce masa komai a kan kalmomin bakin mota ba. Bai zo mini a rai cewa abin faɗa ne ba.

A cikin Maris wata ikilisiya ta kudu da ke taimakonmu ta aiko da kwalayen kayan gyara. A ciki akwai allunan ƙarfen nan, da wasiƙa mai cewa a ɗaura ɗaya a kowane famfon da aka gyara, a ɗauki hoto a aika musu. Makaniki ya karanta wasiƙar, ya yi abin da ta ce. Ranar Litinin ɗin nan ya kai mota har bakin famfon garin, ya gyara shi cikin awa biyu, gyara mai kyau, ya ɗaura allo, ya ɗauki hoto, ya tafi. Daga baya na gano wani buhu a ƙarƙashin bencin rumfa, cike da irin waɗannan alluna, wasu har sun yi tsatsa. Ashe shekara da shekaru ana aiko su, Baba yana godiya yana turawa ƙarƙashin benci.

Ranar Talata bayan la'asar mai gari ya kira ni a waya. Mutum ne da gaisuwarsa kaɗai takan ci minti uku. Wannan karon cewa ya yi, "Gobe da safe ku zo. Ku zo da wanda ya ɗaura." Ya kashe.

Na yi shekaru ina karanta labarai a rediyo, na san yadda labari ke gajarcewa in ya bi ta bakuna. Ban san lokacin da na haɗa kanun labarin a kaina ba: Kiristoci sun kafa gicciye a masallaci. Kalma shida. Ba famfo a ciki, ba wasiƙa, ba makanikin da ba a faɗa masa komai ba. Ranar Alhamis babbar kasuwar yankin take ci, mutanen garin nan duk a can suke cin kasuwa, kuma daga kasuwar zuwa ƙofar gidan mahaifiyata tafiyar rabin awa ce da ƙafa. Abin da nake tsoro ke nan: kada maganar ta fita daga zaure ta isa kasuwa a wannan siffar.

Da safe Mama ta riga mu zuwa rumfa, ta ɗaura gyale ta zauna a gaban mota. Na ce mata wannan tafiyar ba ta mata ba ce. Ta ce, "Ɗana, in sun ga tsohuwa a cikinku, ko mai dutse a hannu sai ya ɗan yi tunani. Tuƙa mu je." A hanya makaniki ya ce ko mu biya mu sanar da 'yan sanda. Ta ce, "Ranar da ka shiga garin nan da ɗan sanda, ka gama gyaran famfo a ƙasar Gwarzo." Wasiƙar tana ninke a aljihun rigarsa, yana ta taɓa ta.

A gindin wata tsamiya a bayan gari na tsayar da mota, inda Baba yake tsayarwa. Muka taka. Hanyar ta bi ta wurin famfon. Mata da 'yan mata suna layi da jarkoki, ruwa yana zuwa da ƙarfi. Da suka gan mu sai mai tuƙawa ta saki hannun famfon, ya yi ƙara sau ɗaya ya tsaya. Mama ta yi musu sannu da aiki. Mace ɗaya ce ta amsa, ita ma ba ta ɗago kai ba. Na ga ramukan noti huɗun nan a jikin ƙarfen. A ƙofar zaure muka tuɓe takalma a gaban maza da yawa da suka buɗe mana hanya kaɗan, suka kuma rufe ta bayan mun shige.

Mai gari ya amsa gaisuwarmu a taƙaice. Ya tambayi jikin Baba, muka ce da sauƙi. Sai ya nuna allon da ƙafar sandarsa.

"Tambaya ɗaya zan yi, kowa ya ba ni amsarsa. Mene ne aikinku? Kai mai noti, fara."

Makaniki ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, mu masu bishara ne. Muna gyara famfo ne domin mutane su san Ubangijinmu."

Gaskiyarsa ya faɗa, kamar yadda ya fahimce ta. Amma na ji maganar ta fita ta ƙofa, ana miƙa ta daga baki zuwa baki, kuma hayaniyar waje ta canja.

"Ke fa, Inna?"

"Ranka ya daɗe, mu dai tausayin mata ne ya fito da mu. Mace da goyo ta yi tafiya mai nisa da jarka a ka. Ba mu zo taɓa addinin kowa ba."

"Kai fa?"

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne muryar aiki. Na ce mu ƙungiya ce mai zaman kanta da ke tallafa wa al'ummomin karkara wajen samar da tsaftataccen ruwan sha.

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Wannan labarun duniya yake karanta mana. Saura ya faɗa mana ƙarfe nawa ne a Kano." Ba wanda ya yi dariya.

Mai gari ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Mutum uku, mota ɗaya, magana uku. Wacce zan kai wa mutanena? Gobe kasuwa. In ban ba su abin da za su faɗa ba, su za su nemo abin faɗa, kuma ba ni da iko da bakin kowa a kasuwa."

A waje wani ya ɗaga murya: "A fito mana da shi mu gan shi mana!" Wani ya ce masa ya yi shiru, wani ya ce ba zai yi ba. Na lura zauren yana da ƙofa biyu, ɗaya ta waje, ɗaya ta cikin gida, na kuma auna cewa Mama ce ta fi kusa da ta cikin. Takalmana suna can waje a tsakanin ƙafafun mutane. Ban san dalilin da ya sa wannan ya fi komai damuna ba. Na yi ƙoƙarin tuno kalmomin bakin mota. Na san akwai ruwa a ciki, akwai maƙwabci, akwai gida. Amma yadda suke a jere ya ƙi zuwa.

Liman yana zaune a gefen mai gari. Tsoho ne ƙwarai, idanunsa sun yi fari, yana jan carbi a hankali. Sai ya ɗago kai wajen da ya ji muryata.

"Malamin Lahadi da gaske ba ya magana?"

Haka yake kiran Baba. Baba kuma yana ce masa mai buta. Na ce, "Allah gafarta malam, sai 'to' kawai."

"Ikon Allah. Mutumin da shekara ashirin bai taɓa ce mini to ba." Ya nuna wajena da carbinsa. "A nan ya zauna, inda kake zaune, shekarar da rijiyarmu ta rufta. Mahaifin mai garin nan ne a kan tabarma. Ni na yi masa tambayar da aka yi muku yanzu. Na ce, kai arne ne ko ɗan arna, me kake nema a garinmu? Ya ce, ba ko ɗaya, ni Kirista ne, ba zan ɓoye maka ba. Ya ce, Ubangijina ne ya ce in yi wa maƙwabcina hidima, shi ya kawo ni. Ruwa kyauta ne, ba na sayen kowa da shi. Ba zan yi wa'azi a bakin famfo ba, ba zan kafa alama ba. Wanda kuma yake so ya ji abin da na gaskata…"

"…ya san gidana," in ji Mama.

Tun daga tsakiyar maganar na ga leɓunanta suna motsi. Su ne kalmomin bakin mota, ba ƙari ba ragi, sai dai mu da "mu" Baba yake faɗa mana su. Abin da ƙungiyarmu ta tsaya a kai shekara ashirin, a bakin limamin garin nan kaɗai ya rage cikakke.

Liman ya ce, "A kan wannan muka bar shi ya taɓa mana famfo. Bai taɓa saɓawa ba. To ku wa ya saɓa?"

Makaniki ya ciro wasiƙar, ya ajiye ta kusa da allon. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ba wanda ya faɗa mini wannan."

Na ce, "Ni ne ban faɗa masa ba. Makulli kawai na ba shi."

"Ashe kai ne mai laifin, ɗan rediyo," in ji mai gari. "Ka iya faɗa wa duniya abin da ya faru a ƙasashen waje, ka kasa faɗa wa mutum ɗaya yadda ake shiga gari."

Na ce haka ne, ranka ya daɗe.

Makaniki ya ɗago. Na so in taka masa ƙafa, amma ya riga ya fara. "Na yi kuskure a kan allon, ina neman afuwa. Amma ba zan iya cewa ni ba Kirista ba ne."

"Wa ya ce ka ce?" in ji liman. "Tsohon ma bai ce ba. Da ya ɓoye, da ban yarda da shi ba. Mai ɓoyewa ake tsoro."

Mai gari ya kasa kunne ga hayaniyar waje. Sai ya ce, "Maganar nan a bakin tsofaffi biyu take. Ɗaya Allah ya rufe masa baki, ɗayan ga shi nan, haƙora uku suka rage masa."

"Huɗu ne," in ji liman.

"To, kafin su koma uku, a rubuta."

Ba ni da takarda. A bayan wasiƙar ikilisiyar kudu na rubuta, a kan gwiwata, liman yana faɗa ina bi. Ɗaya daga cikin dattawan ya rubuta tasu da ajami. Sau biyu liman ya tsayar da ni, domin na so in gyara jimlar ta yi daɗin karatu. Ya ce, "Ba haka ya ce ba. Rubuta yadda ya ce." Da muka gama, mu uku muka sa hannu.

Na ɗauka an gama. Sai mai gari ya miƙe, ya ce, "Tashi. Tunda sana'arka ce, kai za ka karanta musu."

Na fita ƙofar zaure ba takalmi, ƙasa tana ƙona mini tafin ƙafa. Mai gari ya tsaya a damata. Yanzu kam dole na kalle su. Manoma ne da makiyaya, wasu na san fuskokinsu, akwai wanda ya taɓa riƙe mana rodi muna ciro silinda. Ba wanda ya riƙe makami. Amma sun matso sosai, har ina jin numfashin na gaba. Na ɗaga takardar. Na fara da cewa mun yi kuskure, allon ba zai koma ba. Sannan na karanta. Mai gari ya ce in sake, na sake.

Wani daga baya ya ce, "Wa zai tsaya mana a kan wannan?"

Mai gari ya ce, "Ni."

"In sun sake fa?"

"In sun sake, ni zan fara hana su shiga."

Wani ya ce a ba su ƙarfensu su tafi da shi. Ba wanda ya ce ya yafe, ba kuma wanda ya ƙara matsowa. Na ga mutum biyu ko uku sun juya suna magana da zafi, ba su gamsu ba. Sauran suka fara janyewa kaɗan-kaɗan, domin azahar ta gabato. Mai gari ya ce mana kada mu dawo sai ya aiko. Na sami takalmana a inda na bar su.

A hanyar komawa mota Mama ta ce, "Kada wanda ya yi sauri." Muka bi takunta. Tafiyar da ba ta fi minti biyar ba, na ji kowane taku a bayan wuyana. Da muka shiga mota na kasa sa makulli a raminsa, sai makaniki ne ya karɓa ya tuƙa.

Ranar Alhamis na wuni a gidan mahaifiyata, waya a hannu. Ban faɗa mata komai ba, amma ta ƙi fita ko ƙofar gida, ta kuma sa aka shigo da awaki tun da rana. Ƙanena ya tafi kasuwa sayen gishirin da ba ma bukata. Bayan la'asar ya dawo. Ya ce ya ji labarin iri uku: a wajen masu hatsi gicciyen ya kai tsayin mutum, a wajen mahauta an ce a bangon masallacin aka kafa shi. Amma duk inda ya ji, ƙarshen ɗaya ne: an cire, sun ba da haƙuri, sun karanta takarda a gaban mai gari.

Kwamitinmu ya zauna sau uku a kan wannan takardar, kuma ba zaman daɗi ba ne. Wani dattijon ikilisiya ya ce alkawarin ƙin wa'azi a bakin famfo jin kunyar bishara ne. Mama ta ce masa shekara ashirin yana cewa "to, Baba" a kan wannan maganar, sai yau ya ji ta? Ya ce a da bai saurara ba ne. Ya bar kwamitin, har yanzu muna gaisawa. Sauranmu muka amince da ita. Muka ƙara shafi biyu: yadda ake shiga gari, abin da ake faɗa wa sabon ma'aikaci kafin a ba shi makulli, da wanda zai riƙe aikin kowa in ya kwanta. Na kai wa Baba na karanta masa. Ya ce, "To." Ban san ko yarda ce ba, tunda ita kaɗai yake da ita.

Na rubuta wa ikilisiyar kudu na bayyana musu dalilin da ya sa ba za mu ɗaura allunansu ba. Ba su sake aiko da kaya ba. Garuruwa biyu na kusa da wancan ba su sake kiranmu ba har yau. Mai garin ya aiko mana bayan an girbe dawa, lokacin da robar silindar famfonsu ta cinye. Makanikin ne ya je, ya tsayar da mota a gindin tsamiya, kuma shi ne yake karanta takardar a bakin mota duk ranar da za mu fita.